Home Designer a ɗakin ƙarƙashin ƙasa: tana zana bim da ginshiƙi, amma ba ta auna nauyi

Kusan kowace manhajar zanen gida tana burge mutum a falo da kicin. Inda ake gane ƙwarinta shi ne can ƙasa, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wurin da dogon bim ke ratsa tsakiyar gida yana ɗauke da benen sama, shi kuma yana zaune a kan ginshiƙai. A nan za mu auna Home Designer, manhajar da kamfanin Chief Architect na jihar Aidaho a Amurka ke yi wa masu gida da ƙananan 'yan kwangila. Hukuncinmu a taƙaice, a kan bugu ukun da kamfanin ya riƙa sayarwa daban-daban a baya: bugun Pro ya iya aikin, ƙananan bugun irin su Suite da Architectural kwaikwayonsa kawai suke yi, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da zai gaya maka cewa bim ɗinka ya yi ƙanƙanta.

Manhajar an gina ta ne a kan salon ginin katako na Amurka da Kanada, don haka za mu yi magana da ƙafa da inci da laba, kamar yadda masu ginin can suke yi. Laba ɗaya giram 454 ce. A wannan salo, bangon ɗakin ƙasa na kankare ne, a kansa a kwantar da katako guda mai kaurin inci 1½, sannan a jera katakan da ke riƙe daɓen sama, waɗanda za mu kira haƙarƙari, yawanci da tazarar inci 16. Yawanci haƙarƙari ba ya iya tsallake faɗin gida gaba ɗaya ba tare da ya lotsa ba, shi ya sa ake ratsa bim a tsakiya.

Gidan gwaji

Mu ɗauki ɗaki mai faɗin ƙafa 28 da tsawon ƙafa 40 daga ciki, bango mai tsayin ƙafa 8 daga saman harsashi, daɓen kankare inci 4. Bim zai bi tsawon, ya raba faɗin gida biyu, ƙafa 14 kowane ɓangare. Ginshiƙai huɗu, tazarar ƙafa 8.

A Home Designer ba a fara zane daga ƙasa. Sai an zana bangayen hawa na farko, sannan a umarci manhajar ta gina harsashi, a zaɓi bango mai tushe a ƙarƙashinsa, a ba shi tsayi. Ita da kanta za ta ƙirƙiri hawan da take kira na sifili. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne, haƙarƙarin hawa na farko a zanen hawa na sifili yake fitowa, kuma a nan ne ake zana bim da ginshiƙai. Wanda ya zana bim yana tsaye a hawa na farko zai tarar da shi a saman falo, ba a ƙarƙashinsa ba. Abu na biyu, rukunin zanen katakon gini yakan zo a kashe. Idan mutum bai kunna shi ba, sai ya ja bim, ya ga babu komai, ya sake ja, ya sake ja. Ranar da ya kunna rukunin sai ya tarar da bim uku a kan juna, jerin kayan aiki kuma ya ƙirga masa duka ukun.

Yadda bugun Pro ke yi

A bugun Pro, cikin jerin kayan katakon gini akwai bim na bene da rufi, akwai ginshiƙi, akwai kuma ginshiƙi mai tafin kankare a ƙarƙashinsa, wanda aka rubuta wa "Post with Footing". Kafin a ja layi ko ɗaya, a buɗe saitin asali na bim a yanke shawara guda: a ƙarƙashin haƙarƙari zai zauna, ko a jere da su? Wannan zaɓi shi ne uwa uba. Idan a ƙarƙashi ne, haƙarƙarin su hau kansa, aikin ya fi sauƙi da arha, bututun iska da na ruwa su wuce ta samansa tsakanin katakai, amma ya ci tsayin ɗaki. Idan a jere ne, silin ya fita sumul, sai dai kowane haƙarƙari na buƙatar maratayin ƙarfe a jikin bim, kuma bim ɗin ya tare hanyar bututu daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Sai a ja bim daga bango zuwa bango, a danna shi sau biyu, a sa irinsa da girmansa. A nan manhajar ta yi abin yabo, domin da girman gaskiya take aiki, ba girman suna ba. Katakon da ake kira 2×12 a kasuwa inci 1½ ne a 11¼. Uku a haɗe sun ba da bim mai faɗin 4½ da zurfin 11¼. Katakon masana'anta na LVL kuwa, wanda ake yi da siraran katakai da aka manne da gam, kaurin kowane falle inci 1¾ ne, zurfinsa kuma yakan zo 9¼, 9½, 11¼, 11⅞ ko 14. Wanda ya rubuta 12 a gurbin zurfi don ya ji an ce 2×12, ya ɓatar da kashi uku cikin huɗu na inci tun kafin a je ko'ina, kuma kuskuren zai bi tsayin kowane ginshiƙi.

Akwai ɗan akwatin da ake latsa wa alama mai suna "Bearing Beam". Shi ne ke shaida wa manhajar cewa wannan bim mai ɗaukar kaya ne, don haka haƙarƙari su tsaya a kansa. Idan aka manta da shi, za ta iya shimfiɗa katakai masu tsawon ƙafa 28 daga bango zuwa bango, su tsallake bim ɗin kamar ba ya nan, ko ta juya su su bi wata fuska. A hoto ba za ka ga aibu ba. A jerin kaya ne za ka ga an rubuta maka katakon da ba kowane mai sayarwa ke ajiye irinsa ba. Bayan an sa alamar, a ja layin da ke nuna fuskar haƙarƙari ya gitta bim, a zaɓi ko katakan za su haɗu kai da kai ko za su wuce juna, sannan a sake gina katakon bene. Dokar ginin gidaje ta Amurka, IRC, ta ce idan za su wuce juna a kan bim, kada abin ya gaza inci 3.

Ginshiƙai su zo daga baya, bayan bim ya zauna, don su sami abin da za su tokara. A sa na farko, a buɗe shi a daidaita girma da tafi, sannan a kwafe shi da umarnin maimaitawa a tazarar inci 96, maimakon a riƙa dasa su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ginshiƙin da ya kauce daga tsakiyar bim da inci ɗaya ba ya nunawa a hoto mai fuska uku, amma yana fitowa a layin awo, kuma da wannan awon ne mai zuba kankare zai haƙa ramin tafi makonni kafin bim ya iso.

A ga tsagin ginin

Hoton da ke nuna ƙashin gini ba bango ba silin yana da kyau, kuma da shi ake tallata manhajar. Amma kayan aikin da ya fi amfani a wannan hawa shi ne kyamarar da ke tsaga gini ta nuna cikinsa, musamman wadda ake iyakance zurfin ganinta. A tsaga sau biyu: ɗaya ya gitta bim daidai kan ginshiƙi, ɗaya ya bi tsawonsa.

Ga abin da ya kamata awo ya nuna a gidanmu. Bango inci 96, a cire daɓe 4, saura 92. A ƙara katakon da ke kwance a kan bango, 1½, ya zama 93½ daga daɓe zuwa ƙasan haƙarƙari. A cire zurfin bim, 11¼, saura 82¼, wato ƙafa 6 da inci 10¼. IRC tana neman ƙafa 7 a ɗakin zama, amma ta yarda bim da bututu su sauko har ƙafa 6 da inci 4 a ɗakin ƙasa. Mun tsira ke nan. To amma daga wannan 82¼ za a cire rabin inci na allon jifsam idan za a rufe bim ɗin, da kaurin abin da za a shimfiɗa a daɓe, kuma idan babban bututun iska zai bi ta ƙarƙashin bim ne, tsayin ba zai isa ba. Ƙofa mai tsayin inci 80 ba za ta shiga ƙarƙashin wannan bim da firam ɗinta cikin walwala ba. Manhajar za ta bar ka ka dasa ƙofar, ba za ta ce uffan ba.

Idan aka koma bim na ƙarfe, misali W8×18, mai zurfin kusan inci 8⅛ da nauyin laba 18 a kowace ƙafa, kada a manta da katakon inci 1½ da ake ɗaure masa a sama don a sami wurin buga ƙusa. Jimla 9⅝, sarari a ƙasa 83⅞. Wannan katako sai ka zana shi da kanka, ka kuma sauke bim ɗin da inci 1½. Yawancin zanen masu koyo a nan yake faɗuwa: haƙarƙari zaune kai tsaye a kan ƙarfe, ginshiƙai kuma duk sun fi tsayin da ake buƙata.

Tsayin ginshiƙi ma akwai magana. Tafin kankare a ƙarƙashin daɓe yake, don haka ginshiƙin da ke zaune a kan tafi ya fi sararin ɗaki tsayi da kaurin daɓe: 82¼ da 4, wato 86¼, a cire kaurin farantan ƙarfe na sama da na ƙasa. A tsagin gini a tabbatar tafin bai leƙo saman daɓe ba, bai kuma nutse ya bar ginshiƙi a iska ba. Duk lokacin da aka canza zurfin bim ko tsayin bango, a koma a sake buɗe ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Kada a ɗauka sun bi canjin.

Sai ramin da kan bim ke shiga a jikin bango. Tunda saman bim daidai yake da saman katakon da ke kan bango, zurfin ramin daga saman kankare shi ne 11¼ a cire 1½, wato 9¾. Bim na buƙatar zama na aƙalla inci 3 a kan kankare, kuma idan katakon ba mai maganin ruɓa ba ne, a bar masa rabin inci na iska a gefe da gefe da kuma ƙarshe, saboda laima. Faɗin ramin ke nan 5½. A hoto bim zai kutsa cikin bango kawai, ya ɓace, abin ya yi kyau. Girman ramin kuwa kai ne za ka rubuta shi a zanen harsashi, in ba haka ba a ƙare da fasa busasshen kankare.

Inda manhajar ta yi shiru

Za ka iya zana bim na 2×6 guda ɗaya ya ratsa ƙafa 40 babu ginshiƙi ko ɗaya, manhajar ta fito da shi miƙe sambal, ta yi masa inuwa mai kyau. Ba laifi ba ne, manhajar zane ce. Haɗarin shi ne kyan hoton yana sa mutum ya ji kamar an duba masa aikin.

Lissafin farko bai fi ƙarfin takarda da biro ba. IRC ta sa laba 40 a kowace ƙafa murabba'i don mutane da kaya a ɗakunan zama, 30 a ɗakunan kwana, ana kuma ƙara kusan 10 na nauyin benen kansa. Bim ɗinmu yana ɗaukar rabin kowane ɓangare, ƙafa 7 da 7, wato 14. Sau 50, laba 700 a kowace ƙafar tsawonsa. Ginshiƙi ɗaya a tazarar ƙafa 8 yana ɗaukar 5,600, sama da tan biyu da rabi. Idan ba a gwada ƙasar wurin ba kuma yumɓu ce, dokar tana ɗaukar ƙarfinta a laba 1,500 kan kowace ƙafa murabba'i. A raba 5,600 da 1,500, a sami 3.7. Tafi mai inci 24 a 24 ya ba da 4, da kyar ya isa.

Da kyar ɗin ma da sharaɗi. Idan bim ɗin guda ne da ya zarce ta kan ginshiƙai ba yankewa, kamar na ƙarfe ko LVL, ginshiƙan da ke kusa da bango suna ɗaukar fiye da rabonsu, ƙarin ya haura kashi 10 cikin 100, sai 4 ta kasa. Idan kuma akwai wani hawa a sama da bangon tsakiya ke sauko da nauyinsa, a ƙara 14 sau 40 (30 na ɗakin kwana da 10 na benen), wato 560, bim ya koma 1,260 a kowace ƙafa tun ba a sa nauyin bangon ba, ginshiƙi ya haura 10,000, tafi ya nemi kusan ƙafa murabba'i 7, wajen inci 32 a 32. Girman tafin da manhajar ta zo da shi a saitinta bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ko gidan hawa ɗaya ne ko uku, tafi iri ɗaya za ta dasa maka.

Girman bim kansa daga teburin doka ake samo shi, ko daga manhajojin masu yin katakon masana'anta, irin su ForteWEB ta Weyerhaeuser da BC Calc ta Boise Cascade, ko daga injiniya, wanda shi ne dole idan ƙarfe ne ko akwai nauyi mai sauka a wuri guda. Ana duba ƙarfi, ana kuma duba lotsawa: ƙa'idar bene ita ce kada ya lotsa fiye da kashi ɗaya cikin 360 na tazararsa, wato ɗan sama da rubu'in inci a ƙafa 8.

Nauyi mai sauka a wuri guda ya cancanci a tsaya a kansa. Gefen babbar ƙofa a hawa na farko, kusurwar ramin matakala, ginshiƙin da ke riƙe bim na rufi, duk suna tara kaya su sauke a tabo ɗaya. Home Designer na da hanyar nuna hawan sama a dishi-dishi a kan wanda kake zanawa, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi amfani a cikinta. A kunna shi, a duba ko kowane irin wannan tabo yana da ginshiƙi a ƙarƙashinsa. Sau da yawa gara a karya tazarar ƙafa 8 ɗin, a matsar da ginshiƙi ɗaya ƙafa biyu ya zauna daidai ƙarƙashin kayan, muddin tazarar da ta ƙaru ba ta wuce abin da bim zai iya ba.

Jerin kaya ma sai an taimaka masa. Bim ɗin da aka ja da layi ɗaya zai fito a matsayin abu guda mai ƙafa 40 da ɗoriya. Na katako uku a haɗe ba haka ake yin sa ba: guntaye ne na ƙafa 16 da 8, kowace mahaɗa a kan ginshiƙi, kuma ba a tara mahaɗar falle ukun a ginshiƙi ɗaya. Na ƙarfe kuwa laba 720 ne a tsawon nan, abin da ke nufin ƙugiya ko a raba shi biyu. Farantai, ƙusoshi masu noti da marataya, gara ka ƙirga su da hannu.

Ƙananan bugu da dabarunsu

A Suite da Architectural babu kayan zana katakon gini da hannu, sai dabara. Ana yin bim da "Soffit", akwatin da aka tanada don cike saman kabad ɗin kicin: a ba shi faɗi 4½, tsayi 11¼, a ce ƙasansa ya tashi inci 82¼ daga daɓe, a ja shi bango zuwa bango, a shafa masa launin katako. Ginshiƙi kuma a ɗauko daga ma'ajiyar siffofi, mulmulalle mai faɗin inci 3½ idan ana nufin bututun ƙarfen nan mai cike da kankare da ake kira Lally, da sunan John Lally wanda ya ƙirƙiro shi a ƙarshen ƙarni na 19. Wata dabarar ita ce a ja shingen baranda, a cire masa sanduna, a zaɓi salon ginshiƙi zuwa bim. Nan take jeri zai fito, sai dai shinge bango ne a idon manhajar, yana iya raba ɗakin gida biyu, kuma wurin zaman kowane ginshiƙi ba ya hannunka sosai.

Don ganin inda kujera za ta zauna, ko ginshiƙi zai tare talabijin, wannan ya wadatar. Amma akwatin kabad ba bim ba ne. Haƙarƙari ba su san da shi ba, babu tafi a ƙarƙashin ginshiƙan, jerin kaya ba zai ƙirga shi cikin katakon gini ba. Wanda buƙatarsa ba ta wuce hoto ba, Sweet Home 3D ta kyauta ma za ta yi masa haka da akwati da mulmulallen siffa, a ba kowanne tsayinsa daga ƙasa. SketchUp kuma za ta zana har farantin ƙarfe da ramin ƙusa, amma ba ta san bim daga tebur ba.

Abubuwa na ƙarshe da babu bugun da zai tuna maka, sai ka rubuta su a jikin zane. IRC ba ta yarda ginshiƙin katako ya gaza 4×4 ba, na ƙarfe kuma bututu mai faɗin inci 3 da kaurin jiki na aji 40 ko makamancinsa da aka amince da shi, kuma dole a ɗaure gindinsa kada ya zame. Siraran ginshiƙan nan masu shiga cikin juna da ake tokare bene da su lokacin gyara na wucin gadi ne, ko da yake a hoto kamarsu ɗaya da na dindindin. Na katako kuma, idan ba mai magani ba ne, a ɗora shi a kan takalmin ƙarfe ya tashi inci 1 daga daɓe, sannan a rage wannan incin daga tsayin da ka sa a manhajar.